Noelene, Fararen Aku da Ruwan Zafin Wally

Kafin rana ta gasa kwanon rufi, Noelene Trengove ta riga ta jingina tsaninta a wani gida a garinmu na Broken Hill. Aikinta gyaran na'urar dafa ruwa da zafin rana. Ta wanke gilashi, ta taɓa tanki, ta bi bututu da hannu tana neman inda zafi ke zurarewa. Kullum maganarta ɗaya: tara zafi ba wuya a garin nan, riƙe shi ne aiki. Ta faɗa har ta yi furfura, ba mai ji.

Mutanenmu sai a hankali! Su watsa wa fararen aku hatsi a tsakar gida, tsuntsayen su ƙoshi su hau rufi su yayyage soson da ta naɗe bututu da shi, sannan da sanyin Yuli, lokacin hunturunmu a nan, a kira ta ana mita ruwa ya huce.

Shugaban masu wannan ta'asa maƙwabcina ne, tsoho Wally. Ciwon gaɓoɓi ya ci shi, in bai jiƙa hannu a ruwan zafi da safe ba, ko maɓallin riga ba ya iya sawa. 'Yarsa ta rantse in ta sake tarar da famfo da sanyi, gidan tsofaffi za ta kai shi a birnin Adelaide inda take zaune. Duk da haka bai fasa watsa hatsin ba. Ta katanga nake jin su shi da Noelene.

"Wally, ka daina ciyar da ɓarayin nan!"

"Haba Noelene, tun rasuwar matata su kaɗai ke zuwa gaishe ni."

"Ni da nake hawa rufinka fa, aljana ce?"

Da ni ne da tuni na tattara kayana. Ita kuwa ta yanko tsohon kwano, ta yi wa bututun riga tun daga gilashi har tanki, gwiwarta na ƙara, tana zaginsa ƙasa-ƙasa.

Noelene, ke ce mai faɗa da baki, gyara da hannu. Watan nan za ki ajiye aiki, mun gode, kuma mun ji kunya. Matasan garin nan, ku zo ku koya tun tana iya nuna muku.

'Yar Wally ta zo makon jiya da akwati babu komai a ciki, don kwashe kayansa. Ta murɗa famfo, ta fizge hannu tana ihu don zafin ruwan. Ita kaɗai ta koma Adelaide.