Ƙwan Daudu a Hannun Nura

Duk wanda ya taɓa jiran mota a bakin tashar Gwiwa da safe ya san teburin Daudu mai shayi, ko da kuwa bai taɓa ganin Daudun ya fasa ƙwai ba. An daɗe da ciwon ɓarin jiki ya kama tsohon, hannun dama ya daina aiki. Ɗansa na fari, Nuruddeen, wanda kowa ke kira Nura, shi ke tsaye a gaban kasko yanzu. Amma sunan tebur bai sauya ba, abin da ake ci a kansa ma haka.

Ƙwan Daudu ba wani abin a zo a gani ba ne. Albasa ce yankan manya-manya, da attaruhu jajjagagge, da gishiri, da dunƙule a murje tsakanin yatsu. A kaɗa su da ƙwan a kofi, a juye cikin man gyaɗa mai tafasa, a dagargaza har gefe ya soma ƙonewa. Wannan ɗan ƙaurin shi ne mutane ke bi. Direbobi da 'yan acaɓa da ma'aikatan sakatariya sun rantse babu irinsa daga nan har Roni, ko da yake rabinsu ba su taɓa cin ƙwai a Roni ba.

Nura kuwa ya san ƙwai ya wuce haka, kuma sanin nan shi ne damuwarsa. Yana saurayi ya yi aiki a wani gidan abinci a Kazaure, inda ya koyi cewa ƙwai ba ya son gaggawa. Wuta kaɗan yake so, da ɗan cokalin madara don ya yi laushi, gishiri kuma sai an kusa saukewa. Ya koyi soya tattasai da tumatir tukuna su saki ruwansu kafin ƙwan ya shiga. Har maigidansa ya yi masa alkawarin tafiya da shi Kano, sai aka aiko cewa tsohonsa ya faɗi. Ya dawo da niyyar ya riƙe tebur na ɗan lokaci. A cikin wannan ɗan lokacin ya yi aure, ya haihu, furfura ta soma leƙowa a gemunsa.

Kullum da safe yakan goyo tsohon a babur, ya zaunar da shi a ƙarshen benci, ya jingina masa sanda. Daudu ba ya yawan magana, kuma ba ya kiran sunan Nura saboda kunyar ɗan fari. Ido kawai yake zuba wa hannun ɗan nasa. Da zarar hannun ya karkata wajen tattasai, ko ya rage wuta, sai ka ji tsoho ya yi gyaran murya. Shi ke nan, hannu ya koma inda ya fito. Nura ya tsani wannan gyaran muryar fiye da yadda zai iya gaya wa kowa, kuma yana jin kunyar tsanar.

Wata damina dai ya yi ta maza. Rahamatu, Bafulatanar da ke kawo wa tebur ƙwan zabi daga rugarsu, ta zo ran kasuwa da man shanu sabon soyawa. Ƙamshin ya ɗebe wa Nura hankali. Da Maikasuwa direba, wanda ya girme shi kuma tun zamanin Daudu yake ci a nan, ya ce a soya masa, sai Nura ya rage wuta. Ya narka man shanun, ya yanka lawashin albasa siriri, ya barbaɗa 'yar daddawa, ya juya ƙwan zabin a hankali har ya haɗe luƙwi. Tsoho ya yi gyaran murya har ya gaji, Nura ya yi kamar bai ji ba.

Maikasuwa ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya tura farantin gefe da bayan hannu. Ya ce shi dai lafiyarsa ƙalau, ba a kwance yake a asibiti ba da za a ba shi fate. Benci ya kwashe da dariya. Tun daga ranar, in aka so tsokanar Nura sai a ce a soya ƙwai amma ban da na Kazaure. Yakan yi murmushi, don mai tebur ba ya fushi da masu ci, amma abin ya zauna masa a rai.

Ana haka likita ya hana Daudu gishiri da dunƙule saboda hawan jini. Tsoho ya daina cin abinci, ya ce komai lami ne, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da Nura ya rasa dabara, sai ya kunna risho a tsakar gida da la'asar ya soya masa irin nasa. Ya bar daddawa ta tsaya a madadin gishiri, ya sa lawashi da tumatir da 'yar citta, wata rana ya ƙara ganyen zogale. Daudu ya cinye da hannun hagu, ya suɗe farantin da ɓawon burodi. Kashegari ya turo farantin tun kafin a tambaye shi.

Daga nan Nura ya soma sa rai. Ya san mutanen benci ba za su ji maganarsa ba, amma in Daudu da bakinsa ya ce su ɗanɗana, za su ɗanɗana. Ya daɗe yana juya maganar kafin wata la'asar ya durƙusa gefen tabarma ya ce, "Baba, ko za ka yarda in kai wannan tebur?"

Tsoho ya ɗauki lokaci yana goge yatsunsa. Sannan ya ba shi labarin da bai taɓa ji ba. Ya ce lokacin da ya zo daga Babura ya kafa tebur, da daddawa da zogale yake soya ƙwai, yadda mahaifiyarsa ke yi. Wata ranar kasuwa mutane suka yi masa yawa, ya watsa abin da ya samu a kofi, wuta ta tashi, ƙwai ya ƙone. Direban da ya ci ya ce ai wannan ne ƙwai, ya gaya wa 'yan uwansa. Bayan haka shi Daudu ya sha gwada komawa irin na farko, ana turo masa faranti.

"Ni kaina ban taɓa son sa ba," in ji Daudu. "Naka ya fi, kuma ba ni na hana ka ba. Gyaran muryar da nake yi, don kada su yi maka abin da suka yi mini ne."

Duk shekarun nan Nura yana zaton in tsoho ya ɗaga masa ƙafa ya huta, ashe shi ma tsohon a ɗaure ya yi rayuwarsa a gindin wannan teburin. Tausayinsa ya kama shi, tausayin kansa kuma ya fi.

Da safe ya goyo shi, ya zaunar da shi, ya jingina masa sanda. Rahamatu ta riga ta ajiye ƙwai da man shanu, lawashi na nan kore shar a gefen faranti. Maikasuwa ya iso yana kaɗa makullin mota, ya gaishe da Daudu, ya ce a soya masa kamar kullum. Nura ya miƙa hannu wajen lawashin, ya dakata yana saurare. Tsoho bai yi gyaran murya ba, ya kau da kai yana kallon titi. Nura ya dubi benci cike da mutane suna jira, ya janye hannunsa, ya ɗauki babbar albasa, ya ƙara wuta.