Mun Je Allurar Ƙyanda, Mun Dawo da Baƙi Biyu

Mun tashi da asuba daga Dogon Dutsi, ana sallame salla direba ya danna oda a ƙofar gidanmu. Masu tambayar inda na shige a hutun nan, to ga labarin. Ni malamar lakwal ce, wato makaranta, ban san komai a aikin likita ba. Maƙwabciyata ungozoma ce, ita ta ce ayarinsu zai je allurar ƙyanda da rabon abincin tamowa wajen Dogon Kiriya, kuma suna neman mai jin Fillanci. Kakata ta wajen uwa Bafillata ce, a hannunta na girma, sai na ce a sa da ni.

Mu huɗu ne a motar: direba, majo, wato babban ma'aikacin jinya, wanda shi ne shugaban tafiya, ungozoma, sai ni. Baya kuwa cike da akwatunan sanyi na allura da kwalayen abincin yara. Majo ya fi damuwa da akwatunan nan fiye da mu. In mota ta faɗa rami ba ya tambayar ko mun bugu, baya yake waiwayawa.

Mun karya a Matankari da ƙosai da kunun tsamiya. Mai ƙosan ta ce tiyar hatsi ta kusa jikka, wato sefa dubu, shi ya sa ƙosanta ya ƙanƙance, kada mu ga laifinta. Daga nan hanya ta yi kunya-kunya kamar gona, haƙoranmu na haɗuwa. Daminar bara ta yanke da wuri, kuma ko ba a faɗa maka ba za ka gani. Gonaki fayau, ko kara babu, an kwashe wa dabbobi. Rumbuna da yawa a buɗe. Itatuwan gawo duk an sassare musu rassa. A wani ƙauye na ga mata suna jiƙa dilo, 'ya'yan anzar nan masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa, a manyan tukwane, abin da rabona da gani tun ina yarinya.

A Dogon Kiriya, kafin mu iso mata sun cika inuwar itacen bedi da ke gaban gidan likita. Ungozoma na ɗaura wa yara ɗan ma'aunin nan a dantse, mai kore da rawaya da ja. Wanda ya faɗa ja, a ware shi gefe a ba uwarsa ledojin gyaɗar nan mai zaƙi. Majo na allura. Aikina riƙe ƙafa da lallashi, da yi wa uwaye bayani cewa ledar ta yaron ce shi kaɗai, duk da na san a gida akwai wasu idanun da za su zuba mata. Wani dattijo ya nace sai an yi masa shi ma, wai ba zai tako rana ya koma hannu banza ba. Majo ya duba masa hawan jini, ya tafi yana ta godiya. Da azahar matar wani ma'aikacin likitar ta kawo mana dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, ya ji ƙuli. Na ci har na ji kunya.

Washegari muka nufi rugage. Nan hanya ta ƙare, sai rairayi da sawun amalanke. Direba ya rage iskar taya, duk da haka muka kafe, muka sauka muna turi, ni da zanen fita. Mun isa wata rijiya mai zurfi da hantsi, jakuna na jan guga, 'yan shanun da suka rage ana iya ƙirga haƙarƙarinsu. Maza duk sun yi kudu da garke, saura mata da tsofaffi. Da na gaishe su da Fillanci suka yi dariya, wai Fillancina na tsofaffi ne. Dariyar ce ta sa suka fara fito da yara.

Muna cikin aiki wata tsohuwa ta zo ta tsaya a kanmu, doguwa, wuyanta da layu. Aka raɗa mini cewa Gwaggo Hadi ce, 'yar bori daga ƙauyen da ke kusa. Na zaci rigima ta kawo.

"Ku ne masu allura?" in ji ta. "Ku taho ku ga wata ɗiya. Na yi mata nawa, turare da sauransu. Wanga ba na iskoki ba na. Naku na."

Ta kai mu wata bukka a ƙarshen ruga. Ciki duhu, zafi kamar tanda. Uwar, wata matashiya mai suna Jabu, na zaune da yarinya a cinya, ba ta fi shekara uku ba. Ƙyanda ta fito mata har tafin hannu, idanunta sun liƙe da kwantsa, ƙirjinta na lotsawa in ta ja numfashi. Majo ya durƙusa ya sa mata abin saurare a ƙirji. Ya yi mata allura, ya matsa mata wani jan magani a baki, sannan ya dube ni.

"Faɗa mata ciwon ya sauka a ƙirji. Sai Dutsi, yau ɗin nan. Sai an sa mata iska."

Gwaggo Hadi ta zaro ido. "Wace iska kuma?"

Ungozoma ta ce ta numfashi ce, a tulun ƙarfe take. Tsohuwa ta ce to, wannan ba ta san ta ba, amma a sa.

Jabu kuwa ta girgiza kai. Ba ta ƙi ba, amma mijinta na can wajen Gaya da shanu, ba za ta ɗauki 'yarsa ta bar ruga bai sani ba. Ga wasu yara biyu, ga awaki. Ba ta taɓa zuwa Dutsi ba, ba ta san kowa can ba. Majo ya fara faɗa, ungozoma ta ja shi waje.

Na tambaye ta ko mijin na da waya. Ta ce abokin tafiyarsa ne ke da ita, ta haddace lambar. Sai dai rezo, wato sabis ɗin waya, a kan tudu kawai yake. Ta miƙa wa Gwaggo Hadi yarinyar, muka fita.

Jama'a, tudun nan daga nesa kamar ba komai. Rairayi ne mai zafi, ka taka ka zame. Jabu ta haye kamar akuya, ni ina baya ina haki, takalmina a hannu. A sama na ɗaga waya ina juyi, sandar rezo ɗaya ta zo ta tafi. Da ƙyar kiran ya shiga. Abokin ya ce mijin na bakin ruwa, bari ya kira shi. Muka tsaya a rana muna kallon waya. Jabu ba ta yi kuka ba, bakin mayafinta kawai take murzawa.

Da wayar ta yi ƙara na miƙa mata. Ta yi magana a hankali, ina jin muryarsa daga inda nake: "Me kike jira? Tafi!" Sai ya ce a ba ni. Ya tambayi sunana da sunan mahaifina da unguwarmu, kamar mai neman aure. Sannan ya ce, "Malama, ban san ki ba, amma amana ce na ba ki."

Na ce na karɓa.

Da muka sauko Gwaggo Hadi ta riga ta ɗaure wa Jabu ƙunshin kaya. Ta ce yaran biyu a ɗakinta za su kwana, awaki kuma jikokinta sun ishe su. Majo ya ƙarasa allurar sauran yaran da sauri, muka juya. Na bar wa Jabu kujerata na matsa tsakanin kwalaye. Direban da ya yi ta wasa da mu jiya, wannan karon bai kafe ko sau ɗaya ba. Ungozoma na ɗiga wa yarinyar ruwa da cokali har muka hango dutsen garinmu wajen la'asar.

An kwantar da ita a asibiti, an sa mata iskar. Kwanakin farko ba daɗi, ba zan ɓoye ba. Kullum ina kai musu abinci, Jabu na cewa tuwona ya yi, amma furar garinmu ruwa ce. Wata safiya na shiga na tarar idanun yarinyar a buɗe, tana hararar kowa. Na miƙa mata kunu ta ture, ta ce da Fillanci nono take so. Duk ɗakin aka yi dariya, a nan ne Jabu ta rufe fuska ta yi kukanta.

Da aka sallame su sun kwana biyu a gidana, ranar kasuwa na sa su a motar Dogon Kiriya.

Na koma aji da ciwon baya da baƙin fuska. Na tafi ina ganin mu ne masu kai taimako, kuma mun kai, allurar nan da ledojin gyaɗa ba wasa ba ne. Amma ba don tsohuwar da ta zo ta kira mu ba, da mun gama aikinmu a bakin rijiya mun tafi, yarinyar na kwance a bukka ba mu sani ba. In kun ji masu allura sun shigo unguwarku, ku fito da yara, kuma ku leƙa gidan da ba ku ga sun fito ba.