Sidiki Mai Igiya da Ranar da Albasa Ta Tsaya a Gada

Kafin kasuwar Malanville ta cika, Sidiki ya riga ya hau tsohon motonsa, wato babur, ya bi bakin hanya har gada, yana duba ko wani mai haƙar rami ya taɓa igiyar fibir da ke binne, wadda ke ɗaukar maganarmu ta waya da takardun duwan, wato kwastan, zuwa Gaya a ƙetaren kogi. Daga nan ya dawo ƙaramin ɗakin injuna, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya goge ƙura, ya bi fitilu ɗaya bayan ɗaya. In duk kore ne, sai ya nemi shayi. Shekara talatin da biyu ke nan yana aikin waya, tun lokacin hawan turke, kuma wata mai zuwa zai ajiye aiki. Rabin garin nan ba su san sunansa ba, wallahi abin yana ba ni haushi.

Ku tambayi Hajiya Karimatu, ita ta san shi. Shekarun baya aradu ta ƙone katin na'urar da ke haɗa injinmu da na ƙetaren kogi. Rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke, takardun kaya suka tsaya, manyan motoci suka yi layi. Cikinsu har da motar Hajiya, maƙil da albasa, ita ce jarinta kaf. Kwana uku cikin rana, ƙasan buhuna ya fara ruwa.

A rana ta huɗu kamfani ya turo injiniya daga Kutonu da katuna biyu ƙirar Amurka, ɗaya an rubuta masa OC-12, ɗaya OC-48. Igiyarmu kuwa a kan awon gudu na STM-16 take tafiya. Injiniya ya ga goma sha biyu ta fi kusa da goma sha shida, ya zura wannan. Fitila ta yi ja, ta tsaya a ja. Ya share zufa ya ce babu wanda ya dace, sai an yo odar wani, mako uku.

Hajiya tana bakin ƙofa, ta ji. Ta ɗora hannu a kai ta ce, "Mako ukku? Malam Sidiki, ka ji fa! Albasa ce, ba dutsi ba!"

Sidiki ya dubi Hajiya. Ya san amsar, amma ba shi da digiri, mai hawan turke ne da ya koyi fibir da tambaya da kwafe-kwafe a littafin aljihu. Gyara wa babba a gaban jama'a ba ɗabi'arsa ba ce. Sai da ya sake duban Hajiya, sannan ya rage murya ya ce wa injiniya:

"Shef, yi haƙuri, a gwada na arba'in da takwas."

"Kai, wannan ya ninka namu sau uku!"

"A'a, Shef. Su 'yan Amurka da ƙaramin kwano suke awo, mu da babba. Ukkunsu shi ne ɗayanmu. Raba arba'in da takwas gida ukku, goma sha shidda za ka samu. Wanda ka saka, huɗu ne a awonmu, mega ɗari shidda da ashirin da biyu kawai. Gaya tana turo wajen dubu biyu da ɗari biyar. Ina zai iya?"

Injiniya ya lissafa da yatsa a tafin hannu, ya ce, "Kash!" Allah ya yi shi mai gaskiya ne, bai ja magana ba, ya matsa gefe. Sidiki ya goge bakin igiyar da tsabtataccen ƙyalle, ya zura katin, ya juya shi zuwa tsarin da muke bi, ya yi bisimilla. Fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta koma kore. Sidiki ya ce min a lokacin nan sai da ya zauna a ƙasa. Hajiya kuwa guɗa ta rangaɗa, har jandarma ya leƙo ko lafiya. Kafin la'asar motarta ta wuce, buhu bakwai kawai aka zubar.

Kai ne ka yi wannan, Sidiki, mai igiya. Kai ne kake fita cikin ruwan sama ka ɗinke abin da wasu suka tsinka, ka dawo da taɓo har gwiwa ba wanda ya ce maka sannu. Rahoton da aka kai sama bai ambaci sunanka ba, na sani, kuma ka ce kada in tada zancen. To na tada, yi haƙuri.

Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu cikin lafiya. Ku kuma masu tasowa a aikin, ku je ku zauna kusa da shi tun bai miƙa makulli ba. Ku koyi lissafin, amma ku fi koyon buɗe baki cikin ladabi idan kun san daidai. Da ya yi kunya a ranar nan, da Hajiya Karimatu ta koma gida da mota fanko, ta bar kasuwa har abada. Yau motocinta uku, kuma in ta hango motonsa sai ta tashi tsaye.