Maganin Kaskar da Na Ce a Ɗura

Kafin in zama abin nuni, ni dillalin shanu ne a karar Wudil, kuma ba a taɓa kama ni da ƙarya a kan dabba ba. A wurin mahaifina na gaji sana'ar. Ƙuruciyata a hanya ta ƙare: na bi shanu zuwa Abeshe, na zauna a Umdurman, na yi fatauci a Garwa da Marwa, na sha ruwan zangon Kumasi. Da Larabci da Fillanci da Faransanci na yi ciniki, Barbarci kuwa a nono na sha shi, don uwata mutuniyar Borno ce. Ko'ina na je doka ɗaya na tarar: dillali da fuskarsa yake sayarwa. A Umdurman na ga an kori wani daga kasuwa har abada don ya ɓoye cewa raƙumi yana tari. Har dariya na yi masa.

Da gwiwa ta fara ciwo na dawo gida na zauna. A nan ne Sabo, wani magidanci mai shagon gyaran waya kusa da tasha, ya nuna mini dillancin zamani. Wani kamfanin magungunan dabbobi ne yake ba mutum linki nasa na kansa. Kai ka biya kuɗin talla a dandalin sada zumunta, wanda ya latsa ya sa lambarsa, kamfani ya kira shi, ya biya, a aiko masa kaya a mota. Kai kuma a ba ka la'ada. Na zaɓi maganin kaska, irin wanda ake tsarmawa da ruwa a fesa wa dabba a jiki.

Da farko kai tsaye nake tura mutane shafin kamfanin. Kuɗin talla na fita, ciniki babu. Shafin da Turanci yake, ga dogon gargaɗi da jan rubutu. Na ce wa Sabo ya gina mini shafi nawa, wanda mai latsawa zai fara sauka a kai kafin ya wuce wurin kamfani.

"Alhaji, ka yi tunani," in ji shi. "Yanzu duk abin da aka faɗa, su suka faɗa. In ka gina zaurenka, kai ne mai zaure."

"Kai Sabo, wane makiyayi ne zai karanta wannan Turancin? Ko kai da kake ƙarya da boko, rabi kake tsallakewa."

Ya yi dariya ya gina. Ya koya mini yadda zan sauya rubutu in ɗora murya da kaina. Na yi bayani da Hausa, na yi da Fillanci, da gaisuwa cikakkiya irin wadda ake yi a ruga. Gaskiya tsantsa na faɗa a wannan karon, kuma ciniki ya buɗe. Har yau ban ce gina shafin laifi ba ne.

Laifin a hankali ya shigo. Na lura duk wanda ya ji kalmar guba sai ya fita bai saya ba, sai na cire gargaɗin. Ciniki ya ƙaru. Na ga mutanenmu ba sa ganin ƙimar maganin da ba a ɗura wa dabba a baki, domin a haka muka tashi muka tarar: magani na gaske shi ne wanda ya shiga ciki. Wata safiya na ɗauki waya na ƙara magana ɗaya: wannan magani yana kashe kaska, in kuma aka ɗura kaɗan yana wanke tsutsar ciki da cutar sammore. Ban gwada ba. Ban tambayi likitan dabbobi ba. Kamfanin bai san na faɗa ba, don a shafina maganar take.

Sabo ya ji muryar ya same ni a kara. "Alhaji, wannan ba ya cikin takardar maganin." Na ce masa tun ba a haife shi ba nake ɗura wa shanu magani, ya je ya ji da wayoyinsa.

Ƙorafi na farko daga wajen Achika ya zo. Wani manomi ya kira ni, sansa na noma yana rawar jiki, yawu na dalala. A nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka na ce masa ya sa wuƙa kafin ya mushe, na kuma haɗa shi da mahauci, na karɓi la'adata a kan naman. Daga baya na ji an kwantar da mutanen gida biyu a asibiti saboda wannan naman. Na bar tallata tana ci gaba da yawo.

Malam Buba makiyayi ne da ke zaune a bayan Darki. Shekara da shekaru a wurina yake sauka in ya kawo dabba kasuwa. Da yake ni jinin Barebari ne, shi kuma Bafulatani, wasa ne tsakaninmu. Yana hango ni zai ce, "Ina bawana, zo ka riƙe mini igiya." Ni kuma in ce ya fara wanke ƙafa. Wani ya kunna masa tallata a waya, ya gane muryata, bai nemi shawarar kowa ba. Ya sayi kwalabe, ya ɗura wa garken gaba ɗaya a rana guda.

Ranar Juma'a da hantsi, kasuwa ta cika, ina tsaye ina duba haƙoran wata karsana, sai na ji sanda a ƙeyata. Na faɗi cikin kashin shanu. Umaru ne, babban ɗan Buba, da 'yan'uwansa. Duka kawai suke yi. Na ɗaga hannu in kare kai, na ji ƙashin ya karye kamar kara. Wani ya taka mini baki da takalmi, haƙorana na gaba suka zube. A Abeshe na taɓa ganin an doki ɓarawon tumaki, mutane na ihu suna zuga. Ni nawa dukan shiru aka yi shi, dillalan da na girma da su suna tsaye, babu wanda ya ce a bari, domin labari ya riga ni isa kasuwa.

Mutum ɗaya ne ya shiga tsakani. Sabo ya zo da gudu yana cewa, "Ku ji tsoron Allah, dattijo ne!" Sanda ta same shi a fuska. Idonsa na hagu bai sake gani ba.

Su Umaru suka jefa ni bayan a-kori-kura suka kai ni rugar. Tun daga nesa na ga angulaye. Shanu ne kwance ko'ina, ciki a kumbure, ƙafafu a sama. Waɗansu an samu an yanka, jini ya jiƙa ƙasa, amma ba mai taɓa naman. 'Yan maruƙa suna zagaya gawar iyayensu suna kuka. Matan gidan na zaune da ƙoren nono a kife.

Umaru ya durƙusar da ni, ya danne wuyana da gwiwa, ya buɗe sauran kwalbar da haƙori. "Kai ka ce a ɗura. Buɗe bakinka, Baba." Warin ya cika mini hanci, na ji bakin kwalbar a kan dasashina. Sai Buba ya taso ya doke ta da sandarsa.

Na fara yi masa godiya da bakin da ke zubar da jini. Ya ce, "Ba don kai ba ne, Alhaji. Na rasa shanu, ba zan rasa ɗa a gidan yari ba." Shi da kansa ya aika aka kira 'yan sanda.

A kotu aka kunna muryata. Wakilin kamfanin ya nuna shafinsu da gargaɗinsa, sannan aka nuna nawa. Aka haɗa da maganar naman Achika, aka yanke mini ɗauri. A gidan yari hannun ya haɗe a karkace. Na ga an fasa wa mutum kai a kan wurin shimfiɗa, na ga an caka wa wani cokalin da aka wasa. Matasa sa'o'in jikokina suna sa ni fitar da bokitin bahaya, suna kirana Baba mai guba.

Da na fito, wurin Sabo na fara zuwa. Ya dube ni da idon da ya rage masa ya ce ya yafe, amma kada in sake zama a bencin shagonsa. Na karɓa. Na tuba ga Allah, kuma ban sake riƙe igiyar dabbar kowa ba.

Ku 'ya'yana masu wannan sana'a ta waya, ana yawan tambaya ko ya kamata mutum ya gina shafinsa. Ku gina in za ku iya, domin mutanenmu sun cancanci a yi musu bayani da harshensu. Amma gargaɗin mai kaya shi za ku fara ɗorawa, ko da zai kori rabin masu saye. Abin da mai kaya bai faɗa ba, kada ku faɗa. In ƙorafi ɗaya ya zo, ku tsayar da tallar a ranar. Wanda zai fi yarda da muryarku shi ne wanda ya fi ƙaunarku, kuma shi za ku fara kashewa.

Buba yanzu kiwon haya yake yi, shanun wani Alhaji yake bi a tsufansa. Na same shi a bakin kogi yana shayar da su, na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya amsa gaisuwata har ƙarshe, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Allah mai yafiya ne, Alhaji, ka ci gaba da roƙonSa. Ni ban kai nan ba tukuna." Ya kaɗa shanun mutane ya haye tudu.