Matar Da Take Juya Wa Talabijin Baya

Da safen nan ina tsugunne ina wanke kofunan shayi aka yi sallama a ƙofar gida, aka ce Anti Dakta ta rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku da kuke bi na kun san ba na dogon rubutu. Daga hoton bangon littafi sai furanni. Yau ku yi haƙuri da ni.

Sunanta Dakta Rabi, maƙwabciyarmu a Kwaciri, katanga ɗaya ta raba mu. Malamar jami'a ce, halayyar ɗan'adam ta karanta. Tun kafin a haife ni abu ɗaya take bincike a kai: me zai sa ƙato da gemunsa ya ƙi cin tuwo don wani ɗan wasa a wata ƙasa, wanda bai ma san da zamansa ba, ya ɓarar da fenariti.

Duk Fagge da Sabon Gari an san yadda take aikinta. Ta shiga gidan kallon bal da kujerarta ta roba, ta ajiye a gefen talabijin, ta juya masa baya. 'Yan kallo take kallo, littafi a cinya, biro a hannu. Ta ce mini ita a fuska take ganin ƙwallo ta shiga raga.

Ni kuwa a lokacin na tsani bal.

Tun da Umma ta rasu Babana ya daina magana a gida. Ba faɗa, ba fushi. Ya dawo daga shagon ɗinki, ya ce, "Kin yi salla?" in ce, "Na yi." Hirarmu ta ranar ke nan. Amma ranar Asabar sai ya saka jar rigar kulob ɗinsa ya nufi gidan kallon bal a Sabon Gari, in ji ana cewa muryarsa ta fi ta kowa a can. Sai na ɗauka ya ajiye maganarsa ne don waɗanda suka fi ni daraja.

Gidan Anti nake ɓuya in yi karatu, saboda tana da sola, fankarta ba ta tsayawa. Wata rana ta tarar da ni ina sharɓar kuka a kan littafin soyayya.

"Husna, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Anti. Rabuwa suka yi a tasha."

"'Yan gidanku ne?"

"A'a... ai babu su ma."

Ta yi dariya har ta cire tabarau. "To ke da babanki Malam Sani ai ciwonku ɗaya."

Ban san yadda aka yi ba, sai na ji bakina ya ce, "Baba ya fi son bal a kaina." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ba ta ce ƙarya nake ba. Ta sha yin hira da Baba da 'yar rikodarta, amma ta ce abin da mutum ya faɗa mata amana ne. Abin da ta ce kawai: "Ranar Asabar ki sako hijabinki, ki ɗauko kujera ta biyu."

Gidan kallon na Oga Chidi ne, wanda Baba yake sayen zare da zif a wurinsa. Shi ɗan masu shuɗiyar riga ne. Muna shiga na ji yana ɗaga murya: "Malam Sani, ka taho da kwando? Yau ƙwallayen da za ka kai gida ba sa shiga aljihu!"

Baba ya ce, "Kai dai ka tanadi hankici, Chidi."

Bai gan ni ba, ina bayan sifika.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Hasken talabijin yana wasa a fuskoki kamar inuwar ruwa a jikin bango. Mutane fal ɗaki suna jan numfashi tare, suna saki tare. Ga Babana a tsakiya, bakinsa a buɗe kamar yaro yana jiran alawa. Duk littattafan da na karanta ban ga an rubuta fuska irin wannan ba.

Sai aka zura wa kulob ɗin su Baba ƙwallo biyu.

Kafaɗunsa suka faɗi, irin faɗuwar da na gani ranar da aka fita da Umma. Oga Chidi, mai tsokanar nan, ya bar murnarsa ya zo ya zauna kusa da shi, ya miƙa masa fiya wata.

Anti ta raɗa mini, "Kin gani? Nan ne kaɗai ake barin namiji ya yi baƙin ciki a gaban mutane."

A nan Baba ya ɗago, muka haɗa ido.

A ƙafa muka koma gida ni da shi. Sai da muka tsallaka Titin Ibrahim Taiwo ya ce, "Ummanki, duk ranar da aka ci mu, ɗanwake take yi mini. Wai na ta'aziyya."

Ranar ya fara ambatonta a gabana tun rasuwarta.

Da muka isa gida na yi ɗanwaken. Ya narke ya zama kamar fate. Ya cinye tas.

Ganina na ƙarshe da Anti ranar Alhamis ne. Ta rame, tana kwance a doguwar kujera, takardu zube a ƙasa. Ta ce in ta warke, bincikenta na gaba a kan mu ne, masu kuka a kan littafi. "Ni zan kalli fuskoki, ke ki riƙe biro."

Na ce, "Anti, ni fa kunya."

"Masu kunya ai sun fi kowa gani."

Yau tun da aka tafi kai ta nake jin tsoro. Mutuwa ce ta rufe bakin Baba a karon farko. Na zauna a tsakar gida ina jiran shirun ya dawo tare da shi.

Ya shigo da ƙasar maƙabarta a takalmansa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya jawo tabarma.

"Husna, zo zauna. Shekara da shekaru matar nan tana yi mini tambayoyi, ni ban taɓa tambayar ta wane kulob take so ba. Ke ta gaya miki?"

Na ce a'a.

Ya ce shi dai ya san ja ce, mai hankali irinta ba ta bin su Chidi. Na ce gyalenta shuɗi ya fi yawa. Ya ce wannan ba hujja ba ce. Muka yi ta musu, yana dariya yana share ido da hula, har aka kira la'asar.

Ya Allah, Ka jiƙan Anti Rabi, Ka yafe mata, Ka haskaka kabarinta. Ta ƙare rayuwarta tana duban fuskokin bayinka da tausayi, Ka dube ta da rahama.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, ko ja kake ko shuɗi, ka tsaya ka yi mata addu'a. Ku saka da Ummana.