Baba Sufana Bai Iya Keke Ba

Shekara talatin da huɗu Baba Sufana yana gyaran keke a rumfarsa ta bakin babban titi, kuma bai taɓa hawa ba. Bai iya ba. Idan ya gama gyara, sai ya ɗaga tayar baya, ya juya feda da hannu, ya kara kunne yana lumshe ido. Duk wanda ya ce masa ya hau ya gwada, amsa ɗaya ce: "Ni da kunne nake gwaji, hawa na 'yan koyo ne." A zatonsa matarsa kaɗai ta san asirin, Malama, wadda ta shekara ashirin tana zuwa koyarwa a keke. A wurin faci ma suka haɗu.

Titin nan mai layi shida shi ya raba unguwarsu da ta tsallake, inda 'yarsu tilo take aure. Daga rumfar yana hango rufin gidanta, amma zuwa sai an shiga mota biyu an zagaya. Don haka da aka fara kafa ginshiƙan gadar masu ƙafa da masu keke, sai ka rantse Baba Sufana ne ya ba da kwangilar. Yakan bar taya cikin ruwa ya tafi kallon ɗora ƙarfe. Yana nuna wa mai walda inda bai kama ba. Ya auna gangaren da takunsa, ya yanke hukuncin cewa injiniyan yana da hankali.

Saura mako uku a buɗe, shugaban unguwa ya leƙo rumfa.

"Baba, mun zauna mun gama magana. Ranar buɗewa kai za ka fara haye gadar nan a keke. Wa ya fi ka cancanta?"

Daɗi ya kwashe shi, bakinsa ya ce to kafin kansa ya tuna. Shugaban na shan kwana ya tuna, ya rufe rumfa ya nufi gida.

"Malama, na kashe kaina," ya ce da ya shiga gida. Da ta ji labarin ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Ka ce musu gwiwa ke damunka."

"Su gane? Da wane ido zan kalli masu kawo mini gyara?"

"To, naɗe ƙafar wandonka."

Aka kulle ƙofa, tsakar gida ta zama makaranta. Malama na riƙe da sirdi tana bin sa da faɗa: "Daina kallon taya, ba gyara aka kawo maka ba. Kalli gabanka." Ya tuntsurar da bokitai, ya shiga cikin shanya ya fito da zanin gado a ka. A rana ta goma sha biyu ta saki bai sani ba, ya tafi shi kaɗai daga ƙofar kicin har bango. Dattijo mai shekara sittin ya dafe bangon yana ƙyalƙyala dariya kamar ana yi masa cakulkuli.

Abin da suka manta, tsakar gida a shimfiɗe take, gada kuwa hawa ce. Ranar buɗewa, ana yanke ƙyalle ya danna feda, bai yi nisa ba kan keken ya fara rawa. Ya ga faɗuwa ƙiri-ƙiri, a gaban unguwa biyu. Sai ya ji hannu a sirdi. Telan unguwarsu ne, ya ɗan tura shi ya saki. Taku biyar a gaba mai burodi ya karɓa, daga shi sai mai walda. Ashe mutanen unguwa sun jeru a jikin shingen gadar, kowa hannunsa a shirye, kowa yana kallon sama kamar ba ruwansa.

A ƙololuwar gadar hannu ya ƙare. Motoci na gudu a ƙarƙashinsa, iska ta cika masa riga, keken ya ɗauki gangare. Baba Sufana ya kama ƙararrawa yana ta kaɗawa, murna ta hana shi rufe baki. Can ƙasa 'yarsa na tsaye da jaririnta a kafaɗa.

"Baba, birki!"

Ya matse. Birkin da ya ɗaura da hannunsa ya kama daidai gabanta.

Malama ta iso a ƙafa tana haki. Ya jawo ta gefe.

"Ke kika gaya musu?"

"Ni? Tun kafin a haifi yarinyar nan kowa ya sani."

Ya ɗaga kai ya dubi mutanen da ke gangarowa. Shekara talatin da huɗu suna kawo masa kekunansu, suna jin zancen kunne, babu wanda ya taɓa ko murmusawa a gabansa. Idonsa ya ciko, ya goge da bayan hannu, ya juya kan keken.

"Ku matsa, zan koma," ya ce. "Wannan karon kada wanda ya taɓa mini sirdi."