Lambar da Ta Ce Ba Kowa a Kujera

Lokacin da nake gyaran wayoyin motoci a Konni, wani ɗan kasuwa mai babban siton shinkafa ya kira ni. Motarsa ta ɗaga kaya, mai ƙahoni biyu a gaba, ta tsiro da wani hali: ana cikin aiki sai wata lamba ta fito a tabulo, allon da ke gaban direba, motar ta tsaya cak. Littafin motar ya ce ma'anar lambar ita ce babu kowa a kujera. Alhali ga direban nan zaune, wani dattijo mutumin Bazaga, cikin rigarsa mai faɗi.

Mako uku ina fama. Na canza fis, na kankare kan batir, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, har ɓerayen siton sai da na zaga. Abin haushi, in na hau da tumbina sai ta yi aiki sumul. Leburori suka fara raɗa cewa motar ta daina ganin tsohon. Ni kuwa dariya na yi, har na ce masa ya riƙa yi mata sallama.

Wata rana da hantsi na miƙa masa hannu zai sauko, sai na ji kamar karan dawa na riƙe. A ƙarƙashin kujerar akwai ɗan maɓalli da nauyin mutum ke dannawa, nasa nauyin ne ya daina isa. Kullum muna gaisawa yana cewa lafiya lau, ban taɓa lura da abin da rigar ta rufe ba.

Ya ga na gane. Ya ce, "Ɗana, ka ruhwa mani asiri. In maigida ya jiya, cewa za ya yi in tahi gida, kuma ɗiya bakwai gare ni."

Na haɗe wayoyin maɓallin, na naɗe da salatif. Lambar ba ta ƙara fitowa ba, maigida ya yi ta yabona. Kunya ta hana ni ce wa dattijon ya je asibiti. Ya yi aiki har kaka, wata Laraba muka kai shi makwancinsa.

Har yau abin yana cin raina. Duk siton nan motar ce kaɗai ta faɗi gaskiya a kansa, ni kuma na toshe mata baki. Bayan sadakar uku na koma na raba wayoyin. Na murɗa makulli ina tsaye a ƙasa, lambar ta fito. Na daɗe ina kallonta, na kasa kashewa.